Wasiƙa daga Boston kan batun rariya

Yaya,

Saƙonki ya iso cewa in aiko miki da rariyar Amurka, wai ta nan ta fi kyau. Ba zan aiko ba, kuma ba rowa ba ce. Hujja gare ni, ki gyara zama.

Da farko ki sani cewa a ƙasar nan kowace tata da nata makami. Akwai gwagwar tsane taliya, akwai mai tsini irin ta Faransawa da ake tace romo da ita, akwai ta shayi, akwai takardar tace kofi wadda wata Bajamushiya, Melitta Bentz, ta ƙirƙiro a 1908. Wanda ya ga wannan taron zai ɗauka sun fi mu iya girki. To amma ki duba abin da ke saura a saman rariyar, nan maganar take. Mu muna tace abin da ya taho da hatsi daga gona, kuma mu ci moriyar abin da ya rage. Su kuwa rabin aikin rariyarsu shi ne cire abin da su da kansu suka zuba.

Babbar shaida tana mashaya. Kafin ki kai wa Baba rahoto, ilimi ne kawai, kuma da kayan nan ake haɗa lemo marar giya. A 1806 wani ɗan garin nan, Frederic Tudor, ya fara loda ƙanƙarar da ake sarowa daga tafkuna a jirgin ruwa yana kaiwa ƙasashen zafi, har ta kai Kalkata ta Indiya a 1833. Da ƙanƙara ta wadata sai masu mashaya suka shiga zuba ta a cikin abin sha, sai kuma ta zama matsala, tana bugun haƙora. Aka fito da matacin da suke kira julep, wani faffaɗan cokali mai huji-huji. Bai isa ba, a 1892 William Wright ya yi rajistar wani sabo, faifan ƙarfe da aka kewaye da naɗaɗɗiyar waya mai kama bakin kofi, wanda ya ci sunan wata mashayar Boston, Hawthorne. Har yau shi ake amfani da shi. Yanzu ma sun ƙara da tata biyu: a zuba ta wannan, a sake zubawa ta wani ƙaramin mataci mai laushi don kada ɓarɓashin ƙanƙara ya tsallake. Wato a sayi ƙanƙara da kuɗi, a girgiza ta, a sayi ƙarfe biyu don a kore ta, sannan a watsar. Na san za ki ce ai ta gama aikinta, ta sanyaya abin sha. Haka ne. Amma zoɓonki ma da ƙanƙara kike sayar da shi, kuma ba a taɓa jin yaron da ya nemi a tsame masa ita ba. Taune ta yake yi, kuɗinsa ya biya.

Batun gari ya fi wannan ban dariya. Tun cikin shekarun 1880 manyan injinan niƙa na Minneapolis suka ƙware wajen tankaɗe alkama har ba dusa ba ƙwayar tsiro, sai fari fat. Daga baya likitoci suka gano cewa amfanin ya tafi da dusar, don haka daga shekarun 1940 aka koma zuba wa fulawar sinadarin ƙarfe da bitamin. Ita dusar kuma ba ta ɓata ba. Kamfanin Kellogg ya ƙunsa ta a kwali tun 1916 da sunan All-Bran, mutane na saye suna karin kumallo da ita da madara. Abin da kike jiƙa wa akuyarki, Yaya, a nan shi ne abincin mai kula da lafiyarsa, kuma ya fi fulawar tsada. A wurinki kuwa rariya ɗaya tana raba masara gida uku: gari ya tafi tuwo, tsaki ya tafi fate ko dambu, dusa ta tafi turke. Ko ƙyallen tace gasara bai bar komai ya tafi a banza ba.

Akwai inda dole in sallama. Shinkafar nan babu tsakuwa, ba mai zama yana rege ta a ƙwarya, kuma haƙorin da shinkafa 'yar gida ta taɓa gaisawa ya san darajar wannan. Sai dai ba rariyar ɗakin girki ce ta yi aikin ba, injinan masana'anta ne suka gama shi kafin buhu ya iso kanti. Shi ya sa rariyar gida a nan take rataye kamar adon bango, ba ta san ƙaiƙayi ba, ba ta san tsakuwa ba. In na aiko miki da ita, ranar da ta yi arba da mudu biyar na garin dawa za ta nemi a mayar da ita filin jirgi.

Za ki kuma ce ƙarfensu ba ya tsatsa, taki kuwa wayarta takan yage. Gaskiya ne, amma taki in ta yage mai gyara zai ɗaura mata sabuwar waya, tasu kuwa sai bola. Sannan ki juya bayan yawancinsu ki karanta: a Sin aka ƙera su. Irinsu na nan jibge a kasuwar Sabon Gari, ba sai sun yi zagaye ta Boston an biya musu kuɗin jirgi da dala ba.

Saboda haka na tura kuɗi ta hannun da aka saba. Ki sayi rariya biyu, mai laushi da ta tsaki, canjin kuma ki saya wa Inna goro. In wani zai taho, ki ba shi kuka da daddawa, a ɗaure su da kyau saboda karnukan kwastan. Dusa kuwa kada ki kuskura ki faɗa wa akuya farashinta a nan.

Ki gaishe da Baba da Inna da kowa da kowa.

Naki,
Ƙaninki