Su Wa Za Ka Tarar A Ƙofar Jarrabawar Likita

Ɗan Geceme da ya ci bak, ya samu gurbi a sashen koyon aikin likita na Jami'ar Abdu Mumuni, ya bi ta Doso ya sauka Yamai, ya ƙetare gadar Kennedy zuwa Harobanda, to ya ɗaura ɗamarar shekara bakwai ko fiye, jarrabawa na bin jarrabawa. Ta ƙarshen ce dai ta fita daban. Ita ce ake ce wa kilinik, kuma kashi huɗu ce: cututtukan manya, fiɗa, yara, sai mata da haihuwa. Ka sa hannu ka zaro lambar gado, a ba ka ɗan lokaci ka yi wa mai gadon tambayoyi ka duba jikinsa, ka keɓe ka tsara bayani, sannan ka tsaya gaban malamai ka faɗi abin da ke damunsa da yadda za ka yi masa magani. Sai ka haye wannan za a yi zancen kare kundi da rantsuwar Hipokrat. Masu jinya da ungozomomin zamani su ma da tasu, jarrabawar bai-ɗaya da ma'aikatar lafiya ke shiryawa, inda ɗan makarantar gwamnati irin ENSP Damure Zika da ɗan makarantar kuɗi ke shan tambaya guda, a rubuce da kuma a aikace.

Abin da za a karanta, malamai sun gama faɗa. Abin da babu mai faɗa wa ƙannenmu shi ne rabin wahalar ranar daga mutane take fitowa, tun daga bakin ƙofa.

Kafin ka ga Haddau za ka ji shi. Yana kai da kawowa a baranda, ido rufe, leɓe na motsi. Ya san ma'aunin suma na Glasgow daga 3 zuwa 15, ya san na Blantyre da ake yi wa yara daga 0 zuwa 5, ya san matakan kumburin saifa, ya san alamomin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ɗaya bayan ɗaya yadda suke jere a takarda, har inda tawadar fotokopi ta dushe. In aka bar shi ya zuba, babu mai kamo shi. Masifarsa guda ce, a katse shi. Malami ya ɗaga hannu ya ce, "Dakata. Cikin waɗannan da ka lissafo, wacce ka gani a jikin yaron nan?" Sai Haddau ya yi tsit, ya haɗiye yawu, ya koma ta farko, kamar almajirin da aka katse wa tilawa, dole sai ya koma kan sura. Yaron kuwa yana kwance tafin hannunsa fari fat don ƙarancin jini, Haddau bai buɗe hannun ba.

Kusa da shi akwai Ban-karanta-ba. Ita kullum ba ta yi karatu ba, ba ta da lafiya, wuta ta ɗauke a unguwarsu, ta ma yanke shawarar maimaita shekara. Ka tausaya mata har ka ba ta takardunka. Ranar da aka liƙa sakamako, fara neman sunanta daga sama, kada ka wahalar da idonka.

Sarkin Labari shi ya fi kowa aiki, ba dai a littafi ba. Tun mako guda kafin ranar ya san wane malami ne zai zauna, wane ne ya tafi taro Wagadugu, wane ne azumi ke sa shi faɗa. Ya san tambayar da ta fito bara da ta bara waccan, ya kuma lissafa cewa bana dole sikila ta fito, tunda ta kwana biyu ba ta leƙo ba. Daren jajibiri, lokacin da mutane ke bitar ƙarshe, shi yana zagaya ɗakunan marasa lafiya da ɗan littafinsa a aljihun buluz. Gado na ɗaya hawan jini, na biyu ciwon suga, na uku hanta ta kumbura, na huɗu tari ne ana jiran hoto. Ya sayo wa masu gadin dare shayi, ya gaishe da masu zaman jinya da sunan garuruwansu, ya dawo fada wajen ƙarfe biyu yana raba labari kyauta, har da gyaran murya. Ba ƙarya yake yi ba, nan ne ma haɗarinsa. Gaskiyar jiya yake faɗa. Asibiti kuwa ba ya kwana yadda aka bar shi: an sallami na gado uku da asuba, an kwantar da wani da aka kawo cikin dare. Kuma a duk shekara, ikon Allah, takardar da Sarkin Labari zai zaro ita ce ta gado uku. Za ka gan shi ya isa da fara'a, ya shirya wa hanta tsaf, ya tarar da dattijo mai kumburin ƙafa yana haki. Wasu irinsa ma ba sa saduda, sai sun lalubo hantar nan ko ta halin ƙaƙa. Shawarata, ka gaishe shi daga nesa. In ka tsaya ka saurare shi minti biyar, za ka shiga da tsoron malamin da ba ya ma gari.

Mai Guzuri kuma daga gida aka shirya shi. Rubutu a gorar ruwa, laya a damtse, wani turare da Inna ta ce a shafa a gira. Ɗan Arewa ne, ƙasar Sarauniyar Lugu da dutsen Tunguma, saboda haka akwai wata kaka da ba ta tsaya ga malam kaɗai ba, ta sa an buga mata ƙasa, aka ce a yi sadakar farin goro. Ba na yi masa dariya sosai, don yawancin irinsa sun yi karatun, guzurin na kwantar da zuciya ne. Wanda nake wa dariya shi ne abokinsa Ɗan Kimiyya, mai yi masa wa'azi a kan camfi da Faransanci mai kyau, alhali shi bik ɗin da ya ci bak da shi yake ta lallaɓawa har yau, in ya ɓata ba ya iya barci.

Wanda na fi so duk cikin taron, a jarrabawar masu jinya ake samunsa: Tsohon Hannu. Ya yi shekaru a ƙaramar likitar ƙauye, irin waɗanda ke warwatse cikin Dallol Mawri, ya dawo makaranta neman ƙarin digiri, furfura ta fara leƙowa. Ya ga damina da idonsa, watan Agusta da Satumba, lokacin da uwaye ke cika rumfa da yara jiki zafi rau. Ya ga sanƙarau na 2015 da ya addabi jihar Doso da Yamai. Yana ɗaura ɗan zaren awo a damtsen yaro, kafin ya karanta ya san ya faɗa ja, ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani. Jijiyar jaririn da gudawa ta tsotse, shi yana samunta da fitilar salula a baki. Yaro na shigowa daga ƙofa ya riga ya san ciwonsa. To amma mai ba da maki yana riƙe da takarda mai layi-layi: ya gaishe da mara lafiya? ya yi masa bayanin abin da zai yi? ya wanke hannu? ya jera kayan aiki? Tsohon Hannu ya gama sa ƙarin ruwa tun mai makin yana layi na biyu, ya tsallake shida. Yarinyar da ya haifi kamarta, wadda ba ta taɓa samun jijiya a karon farko ba, ta bi layukan tiryan-tiryan ta kwashe maki. Ya fito yana huci, yana cewa, "Ni za a koya wa sa serom?" Ina jin zafinsa. Sai dai a nan ina bayan takardar. Hannun da ya saba yana sabawa har da kuskurensa, kuma layin wanke hannun da ya raina ya ceci mutanen da ƙwarewa ba ta ceta ba. In zama ya haɗa ku a benci, ka koya masa jera matakai, shi kuma ya nuna maka inda jijiya ke ɓuya. Kai ka ci riba.

Mai Goyo ba ta da lokacin tsoro. Ƙanwarta na gindin dogon yaro riƙe da jariri, ita tana shayarwa da hannu ɗaya, ɗayan na juya shafi a kan jijjigar masu ciki. In aka tambaye ta alamomin naƙuda, ba daga littafi take amsawa ba.

Sai waɗanda ba su zo cin jarrabawa ba, amma makinka na hannunsu, wato masu gadon. Akwai Tsohon Ɗalibi, wanda ya daɗe a kwance har ɗalibai sun gama koyo a jikinsa. Kana isowa ya ɗage riga da kansa, ya kama hannunka ya ɗora a gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari, ya ce, "Nan suke taɓawa, ɗana. Saifa ce." Wannan in ka samu, ka yi sadaka. Akwai Baba Mai Tarihi. Ka durƙusa ka ce, "Baba, yaushe ciwon ya fara?" Ya gyara zama ya ce, "Yaro, ciwon ga ya daɗe. Tun shekarar El-Buhari da munka tahi cin rani..." Wato 1984. Kai kuma agogo na cin ka, ga shi tarbiyyar gida ta hana ka katse babba. Kafin ya iso damanar bana lokaci ya ƙare, ka san sunan jakinsa da ya mutu, ba ka auna masa tansiyon ba. Akwai wadda kome ka tambaya ta ce "da sauƙi", ko da zufar ciwo na karyo mata, don kunya da kara. Akwai wanda Zabarmanci kaɗai yake ji, kai kuwa naka bai wuce na cinikin tumatir ba. Ƙarshen ƙaddara ga Ba'are, wato ɗan Arewa, shi ne ya zaro Bafulatani. Bafulatanin na jin harshenka zai washe baki ya ce, "Ashe bawana aka aiko mini!" Wasan taubasantaka kuma ba a ƙin amsa shi, ko a gaban malamai. Ka rama sau ɗaya, a taƙaice, ka sa masa ma'aunin zafi.

Malaman kansu iri-iri ne, kuma duk "Metir" za ka ce musu, kai a sunkuye. Mai tsawa bai cika kayar da mutum ba, in ya gama faɗa yakan ba da maki. Mai murmushi shi ne abin tsoro. Yana gyaɗa kai yana cewa "madalla, ci gaba", kai kuma kana ta zurmawa cikin ramin da ka haƙa tun jimlar farko. Akwai mai tambaya guda tak, "Sai kuma me?", ka ba shi cuta uku ya ce sai kuma me, ka ba shi ta huɗu ya ce sai kuma me, har ka fara ƙirƙiro cututtukan da ba a taɓa gani a Afirka ba. Akwai wanda ido rufe yake sauraro, ka rantse barci yake, sai ka yi kuskuren awon magani, ka ba yaro mai kilo 12 artesunate da lissafin babba, miligiram 2.4 a kowane kilo maimakon 3, nan take idon ya buɗe. Akwai kuma mai mayar da kai gida: "Kana ƙauye, babu hoto, babu ɗakin gwaji, motar ɗaukar mara lafiya ta tafi. Me za ka yi wa matar nan?" Ɗan birni na jin wannan gwiwarsa ta yi sanyi. Ɗan Geceme bai kamata ya rikice ba, ya ga yadda ake ɗauko mai naƙuda a amalanke.

Kana fitowa, ƙafa na rawa, Mai Tono na jiranka. Shi ya riga ya gama, bai tafi gida ba. "Me ka ce musu? Kai! Ba ka ambaci tarin fuka ba? To Allah Ya sa dai." Ya bar ka da wannan ya nufi na bayanka. Ba a taɓa jin ya ƙara wa kowa maki ba.

Daga nan sai salula ta ɗauki ruri. Kawu ne daga Geceme, wanda ya sayar da rago shekarar da kuɗin haya ya gagara, saboda haka yana da haƙƙin tambaya.

"Likita, an gama?"

"An gama na yau, Kawu. Saura uku, sannan a jira sakamako."

"To madalla. Ga gwaggonka nan, tun sahe take zaune. Gwiwar nan ce ta tashi."

"Kawu, ai ban zama likita ba tukuna."

"Mun sani. Riƙe, ga ta."