Jinjina Ga Masu Gadin Asali Na Kankiya Da Kusada

Duk wanda ya ce ilimi ya yi ƙaura daga ƙasar Katsina, to bai taɓa tsayawa bakin shagon caji a Kankiya ko Kusada bayan isha'i ba. Nan manyan masana ke baje kolinsu, kowa da waya a hannu, ana warware matsalolin da suka gagari magabata: tsakanin Tobey Maguire da Tom Holland wane ne Spider-Man na gaskiya, kuma in Superman da Hulk suka gamu a fili ba mai rabo, wa zai sha ƙasa? Tunda har yau babu jami'ar da ta ga dama ta ba su digirin girmamawa, bari ni in sauke nauyin.

Abin da ya fi burge ni da su shi ne kishin asali. Saurayi zai ɗaga jijiyar wuya ya ce maka Marvel sun ɓata labarin, "wallahi ba haka yake a orijina ba." Ka tambaye shi inda ya ga orijinar, sai ya yi maka kallon tausayi. Shi dai Spider-Man a takarda aka haife shi, a 1962, Stan Lee ya tsara, Steve Ditko ya zana, cikin wata 'yar mujallar zane ta senti 12. Malaminmu bai taɓa riƙe ko shafi ɗaya nata ba, kuma a nan girman baiwar yake. Kowane gama-gari zai iya kare littafin da ya karanta, amma kare wanda ba ka taɓa gani ba sai wanda Allah ya buɗa wa. Orijinarsa ita ce fim ɗin 2002, wanda ya iso masa ta hannun mai turi, hoto ya dusashe, murya tana gaba baki yana baya. Ranka ya daɗe, wannan ai shi ne asali tsantsa.

Majalisar tasu ta rabu gida uku. Akwai 'yan Maguire, su ne dattawa, suna ganin duk abin da ya biyo baya wasan yara ne. Akwai 'yan Andrew Garfield na 2012, tsiraru ne amma bakinsu ba ya mutuwa. Sai 'yan Holland, yaran jiya, waɗanda ba a ba su wurin zama a kan benci. Da kamfani ya ga rikicin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a 2021 ya haɗa gizagizan nan uku a fim ɗaya, ya kwashe kusan dala biliyan 1.9 daga aljihun 'yan kallo. Mugaye suna cewa kasuwa ce. Mu kuwa mun san gaskiya: labarin musun da ake yi a bakin hanyar Katsina zuwa Kano ne ya kai kunnen manya a Amurka, suka kasa barci sai da suka yi sulhu.

Ga kuma tausayi. Da Iron Man ya mutu a fim ɗin 2019, an yi zaman makoki na sosai, don an keta dokar da kowane yaro ya tashi da ita tun zamanin gidan kallo, cewa bos ne ke mutuwa, jarumi ba ya mutuwa. Hawaye bai gama bushewa ba, a 2024 aka sanar cewa Robert Downey Jr., wanda ya fito a matsayin Iron Man ɗin, zai dawo, amma a matsayin Doctor Doom, wato jarumin jiya ya zama bos. Wani mai ƙaramin tunani zai ce an yi wasa da hankalinsa. Masananmu ba haka suke ba. Sun karɓi ƙaddara, suka buɗe sabon babin musu.

Kada wani ya kawo mini misalin 'yan kallon Amurka da suka tsaya kai da fata sai an saki Justice League yadda Zack Snyder ya so shi. Su waɗancan sun tara kuɗi, sun sayi allon talla, har jirgi suka yi haya ya ja musu ƙyalle a sama, kafin a 2021 a sakar musu fim na awa 4. Wannan ai ɓarnar dukiya ce. Namu sun fi su dabara: suna yanke wa kamfani hukunci ba tare da kobonsu ya taɓa shiga asusunsa ba. Alƙalin da bai ci na kowa ba, wa ya kai shi adalci?

Kuma kishin nasu ya san inda yake tsayawa, wanda hakan ma wata hikima ce. In Algaita suka fassara fim ɗin Indiya, suka sa wa jarumin kudancin Indiya bakin 'yan Kano, yana zazzaga habaici da baƙar magana irin wadda marubucin fim ɗin bai taɓa mafarkinta ba, babu mai cewa an taɓa asali. Dariya ake yi har da riƙe ciki. Amma da aka canza mai fitowa a matsayin Sumayya a shirin Labarina, Fati Washa ta maye gurbin Nafisa Abdullahi, sai ga majalisa ta tashi tsaye, wasu har da rantsuwar sun daina kallo. Mako na zagayowa suka zo a tura musu sabon fitowa, don dai su tabbatar da cewa ya lalace. Irin wannan sadaukarwa ba a ko'ina ake samunta ba.

To amma inda na fi sara musu shi ne kunya da kawaici, irin na ɗan Fulani da ba ya kama sunan ɗan fari. Kankiya da Kusada da Ingawa ɗan majalisar tarayya ɗaya suke turawa Abuja. Sunan garin nan na uku yana jikin bangon wani littafi da aka buga a Zariya a 1951, Iliya Ɗan Mai Ƙarfi na Malam Ahmadu Ingawa. Yaro ne da ya tashi ba ya iya tafiya, wasu baƙi suka zo, ya miƙe da ƙarfin da babu kamarsa, ya hau dokinsa Ƙwalele ya shiga duniya yana karya azzalumai. Ya girmi Spider-Man da shekara 11. Duk abin da ake nema a jarumin fim yana da shi: rauni a farko, ƙarfi daga sama, sarki mai wuyar sha'ani, abokan gaba masu ban tsoro. Ka ambace shi a majalisa, za a yi shiru. Wani zai tambaya ko Algaita sun fassara shi. Kada ka ɗauka jahilci ne. Tarbiyya ce, ba a yabon na gida a gaban mutane.

Wataƙila kuma gara da ba su san shi ba, don da sun bincika da sun shiga uku. Iliyan nan ba haifaffen ƙasar Hausa ba ne. Ilya Muromets ne na waƙoƙin gargajiyar Rasha, wanda ya yi shekara 33 a zaune kafin matafiya su warkar da shi, ya tafi ya yi wa Vladimir sarkin Kiev hidima. Malam Ahmadu ya ɗauko shi, ya naɗa masa rawani, Vladimir ya koma Waldima, Kiev ta koma Kib, birnin nan dai na Yukren da ake ji a labaran rediyo. Mutanen Rasha sun yi fim ɗin nasu a 1956, shekara 5 bayan Bahaushe ya riga ya karanta nasa a aji. Da a gaban majalisarmu aka yi wannan aika-aika, da tuni an yanke wa marubucin hukuncin cin amanar asali.

Ba shi kaɗai zai hau sama ba. Abubakar Imam, wanda ya koyar a Midil ta Katsina, shi ne babban mai laifi. Magana Jari Ce da ya fara fitowa a 1937 cike yake da labaran da ya kwaso daga Alfu Laila, da tatsuniyoyin Jamus, da na Indiya, ya zuba su a bakin aku, har jikokin jikoki suna rantsuwa cewa a ƙasar Hausa aka yi su. Abin kunya, mutum ya ari kayan wani ya gyara har ya fi ƙarfin mai shi. Masananmu sun tsarkaka daga wannan. Ba su ari na kowa ba, ba su gyara na kowa ba, ba su rubuta ko layi ɗaya da wani zai zo ya ɓata ba.

Wani abokina mai neman fitina ya ce me zai hana majalisar ta gwada ƙwanjinta a kan wata gamayya ta gida: a haɗa Iliya da Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, Walin Katsina, wanda ya fito tun 1934, shekara 4 kafin a san da Superman. Ganɗoki ya gwabza da sojan Turawa, ya ƙetara ƙasashen aljannu shi da ɗansa Garba Gagare. In suka yi arba da Iliya a kan Ƙwalele, wa zai ja da baya? Na ce masa ya rufa wa mutane asiri. Wannan musu sai an karanta littafi biyu kafin a shige shi, ga zafi, ga tsadar data, ga Marvel sun riga sun sanar da finafinan da za a yi fushi da su nan gaba.

Haƙuri kawai za a yi. Wata rana wani kamfani a Amurka ko Mumbai zai ci karo da labarin gurgun da ya miƙe ya hau doki, ya sa masa rigar roba mai sheƙi, ya canza wa Ƙwalele launi, a Kano a ɗora masa murya. Ranar nan ba na shakka, Kankiya da Kusada ne za su fara gano cewa an ɓata orijina.