Maƙeran Gem na Rumfar Mai Caji

A Basunda, can gabashin jihar Gadarif dab da iyakar Habasha, burin saurayi a da bai wuce gonar riɗi mai faɗi da bizar Saudiyya ba. Yanzu an samu ƙari. Wasu sun gaji da buga gem ɗin da wasu suka ƙera, sun ce su ma sai sun ƙera nasu. Madalla. Sai dai maƙeran nan kala-kala ne, kuma rumfar mai cajin waya ce majalisarsu.

Wanda za ka fara jin muryarsa shi ne Mai Dogon Buri. Bai taɓa sa ko ɗan akwati ya yi tsalle a fuskar kwamfuta ba, amma gem ɗinsa na farko zai haɗa Gadarif da Gallabat da Port Sudan da Kano a taswira guda. A ciki za a tuƙa tarakta, a yi cinikin dawa, har aure za a ɗaura. In ka ce masa mutum fiye da 1,000 ne suka yi aikin GTA V, sai ya kawo maka Eric Barone, Ba'amurken da ya ƙera Stardew Valley shi kaɗai, ya fito da shi a 2016. Gaskiya ne. Abin da yake tsallakewa shi ne bawan Allah nan ya haura shekara 4 yana abu ɗaya, yana rufa wa kansa asiri da aikin nuna wa mutane kujera a gidan kallo. Shi kuwa namu, da riɗi ya nuna, Baba zai aiko a kira shi gona, taswirar ta tsaya a bakin tasha.

Kusa da shi akwai Sarkin Gardamar Inji. Inji dai shi ne manhajar da ake gina gem a kanta, kuma wannan ya san tarihin kowanne. Zai ba ka labarin yadda kamfanin Unity ya tashi a Satumbar 2023 ya ce zai riƙa karɓar kuɗi duk lokacin da wani ya sauke gem, duniya ta yi masa caa, shugabansa ya sauka, aka soke tsarin bayan shekara guda. Zai gaya maka Unreal ba ya taɓa ko sisinka sai gem ya tara dala miliyan 1, daga nan ya ɗauki kashi 5 cikin 100, kuma wannan kashi 5 ɗin yana hana shi barci ƙwarai, shi da ake bin sa kuɗin caji na jiya. Laftof ɗinsa in an buɗe Unreal sai fanka ta kama kuka. A ganina, mai tsohuwar na'ura da data ta awo ya kama Godot ya huta. 'Yan Ajantina biyu ne suka fara shi, aka sake shi kyauta a 2014, saukewarsa ba ta kai megabayit 100 ba, yana aiki har a wayar Android, bayanin umarninsa kuma yana cikinsa. Wanda ya ga yadda intanet ta ɗauke ɗif a Sudan a Fabrairun 2024 ya san darajar wannan. Amma Sarkin Gardama ba zai zaɓa ba, don ranar da ya zaɓa hira ta ƙare, saura aiki.

Sai Mai Tsintuwa, wanda aƙidarsa ita ce duk abin da ke intanet na Allah ne. Jaruminsa Mario ne da aka naɗa wa rawani. Itatuwansa daga wani gem ya yanko su, har da guntun sunan mai su a gefe. In aka ci mataki na farko waƙar Mamman Shata ce ke tashi, a na biyu kuma A'isha Falatiya. Ka yi masa magana ya ce, "Haba ɗan'uwa, ai sun rasu, kuma namu ne." Rasuwar mawaƙi ba ta kashe haƙƙin magada, wanda ya naɗi muryar ma yana da nasa. Sai ya koma cewa ai ba sayarwa zai yi ba. To, wani mai sha'awa ya kwashe shekara kusan 10 yana sake gina tsohon gem ɗin Metroid, ya raba shi kyauta a 2016, cikin 'yan kwanaki lauyoyin Nintendo suka sa aka sauke shi. Mai Tsintuwa yana da kariya ɗaya tak, wato babu wanda ya san da gem ɗinsa, alhali shahara yake nema ido rufe.

Abin haushin, halal ɗin na nan zube. Wani ɗan ƙasar Holan da aka sani da Kenney ya zuba dubban zane-zane a ƙarƙashin CC0, wato ɗauki ka yi yadda ka ga dama. Mai alamar CC BY sunansa kawai yake so ka rubuta. Mai NC ya yarda ka yi amfani, bai yarda ka ci kuɗi ba. Mai GPL kuwa, in ka cusa rubutun manhajarsa cikin naka ka rarraba, dole kai ma ka buɗe naka. Duk wannan Alƙalin Lasisi ya haddace shi, har ya wuce gona da iri. Wata uku yana binciken ko ƙarar takun jaki tana da mai ita, bayan ga jaki ɗaure a ƙofar gidansu, ga waya mai naɗar sauti a hannunsa.

Mai Zanen Kansa shi ya fi ba ni tausayi, don niyyarsa mai kyau ce. Ya sauke Krita da Blender, duka kyauta, ya zana raƙumi, aka taya shi murnar akuya. Da ya zo rubutu, harafin da ya ɗauko bai san ƙ da ɗ da ɓ ba, "ƙofa" ta fito da ɗan akwati a gaba. Ya juya Larabci, haruffa suka rarrabu, kowanne ya tsaya shi kaɗai, suna tafiya daga hagu. Maganin bai da nisa: haruffan Noto kyauta ne kuma suna da masu lanƙwasa, Godot 4 kuma ya iya rubutun dama zuwa hagu.

Akwai Mai Sirri, wanda ba ya faɗin dabararsa kada a sace, har shi ma ya manta da ita. Akwai Mai Lissafin Dala, da ya riga ya raba ribar gem ɗinsa tsakanin mota da sadaki, bai san Google Play na karɓar dala 25 kafin a buɗe maka shago ba, Steam kuma dala 100 kan kowane gem, sai an roƙi yaya da ke Jidda ya biya da katinsa. Shafin itch.io kyauta ne, amma ya ce wannan na ƙananan yara ne.

Ta ƙarshe ba ta zuwa rumfar ma, ƙanenta take aikowa da wayar. Gem ɗin dara ta ƙera: gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, ka jera uku ka ci ɗaya. Da'ira da murabba'i ne duk zanen, sautin kuma tsakuwa ta jefa a kwano ta naɗa. Dara ba ta da lauya. Mai Dogon Buri ya taɓe baki ya ce ko mota babu a ciki. Kawunta ne ya karɓi wayar, ya buga sau biyu, ya ɗaure fuska.

"Ke 'yar nan, wa ya ce miki ana ci da huɗu a jere?"

"Zan gyara, Kawu."

"Ki gyara. Kuma tunda kun ce mai abu ake rubuta sunansa, ki sa nawa a sama da naki, da Alhajin a gaba."