Ƙwallon Raga da Matsalar Kara: Nazari a kan Horar da 'Yan Tsaka-tsaki a Ƙasar Kazaure

Wasan ƙwallon raga, wanda matasa suka fi sani da wolibol, ya samo asali ne a shekarar 1895 a garin Holyoke na jihar Massachusetts ta ƙasar Amurka, inda wani malamin motsa jiki mai suna William G. Morgan ya ƙirƙiro shi domin magidantan da suka fara manyanta, waɗanda guje-guje da turereniyar ƙwallon kwando suka fi ƙarfinsu. Daga nan ya bazu har aka kafa hukumarsa ta duniya a birnin Paris a 1947, ya kuma shiga gasar Olamfik a Tokyo a 1964. Ana yin sa a fili mai tsawon mita 18 da faɗin mita 9, wanda aka raba biyu da raga mai tsayin mita 2.43 ga maza da 2.24 ga mata, kowane ɓangare da mutum shida, kuma doka ta ba kowane ɓangare damar taɓa ƙwallo sau uku kacal kafin ya mayar da ita ga abokan karawa. Yana da kyau mai karatu ya riƙe batun magidantan nan na Morgan a zuciyarsa, domin har yau ba su bar filin ba.

Masu horarwa sun kasa 'yan wasa kashi uku. Akwai ɗan koyo, wanda bai san komai ba kuma ya san bai sani ba, saboda haka horar da shi ba ya ba da wahala. Akwai ƙwararre, wanda ba ya bukatar dogon bayani. Sai kuma ɗan tsaka-tsaki, wato wanda ya iya buga sabis ya ƙetare raga, ya iya haɗa damatsa ya tare ƙwallo, ya kuma taɓa dukan ƙasa sau ɗaya a gaban jama'a aka yi masa tafi, kuma tun daga ranar ya daina jin maganar kowa. A kan wannan rukuni na uku nazarin ya tsaya, kuma an gudanar da shi ne a arewa maso yammacin jihar Jigawa, wadda aka cire daga tsohuwar jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, a tsakanin garuruwan Kazaure da Roni da Gwiwa na masarautar Kazaure, da kuma Babura ta masarautar Ringim.

Marubucin wannan maƙala ya zama kocin wata ƙungiyar unguwa a Kazaure bisa cancanta guda biyu, wato mallakar usur da kuma kallon wasannin ƙasashen waje a wayar hannu har ƙarfe biyun dare. Ƙungiyar ta ƙunshi ɗalibai, da tela, da ɗan acaɓa, da wani saurayi mai tsawo da sanyin hali, da kuma wani ma'aikaci da ya kusa ritaya, wanda kowa ke kira Kawu. Kawu ne ya sayi ragar, shi ne kuma ya sayi ƙwallon, kuma a gidansa suke kwana. Ko da yake babu wannan sashe a littafin dokokin hukumar duniya, sanannen abu ne a kowace unguwa cewa mai ƙwallo ba ya zaman benci.

Abin da kocin ya fara koyarwa shi ne tsarin da ake kira biyar da ɗaya. Ma'anarsa ita ce mutum biyar su zama masu duka, mutum ɗaya kuma ya zama seta, wato mai ɗaga ƙwallo da yatsu daga saman goshi ya ajiye ta a iska daidai inda mai duka zai same ta. Shi ne tsarin manyan ƙungiyoyin duniya, sai dai yana da sarƙaƙiya, domin duk lokacin da ƙungiya ta karɓe sabis daga hannun abokan karawa dole kowa ya gusa mataki ɗaya, ta yadda seta zai shafe rabin zagayen yana layin baya, daga can ne kuma zai rugo gaba bayan an buga sabis, ba kafin nan ba. Idan ya yi gaggawa ya wuce wanda ya kamata ya kasance gabansa ko gefensa, alƙalin wasa zai hura usur ya miƙa wa abokan karawa maki. Akwai tsari mai sauƙi da ake kira huɗu da biyu, inda seta biyu ke tsayawa ƙetaren juna ta yadda kullum ɗayansu yana layin gaba, kuma shi ya fi dacewa da 'yan tsaka-tsaki, amma kocin ya ga cewa bai dace da mutumin da ya kashe kuɗin data irin nasa ba.

An gwada tsarin a wasan sada zumunta a Roni, ƙasar duwatsu, inda aka samu wani fili a shimfiɗe aka ja masa layi da toka. Kocin ya riga ya bayyana cewa ana gusawa ne ta ɓangaren da hannun agogo ke bi, bai kuwa lura ba cewa yawancin yaransa a waya suke duba lokaci. Da aka karɓe sabis na farko, sai uku suka gusa dama, biyu suka gusa hagu, suka yi karo a tsakiya, Kawu kuwa ya tsaya inda yake, bisa hujjar cewa wurin ya fi inuwa. Tela, wanda shi ne seta, ya tambaya cikin ladabi: "Koci, agogon wa za mu bi?" Tun ƙarshen shekarun 1990 aka sauya doka ta zama kowane kuskure maki ne ga ɗaya ɓangaren, ana kuma cinye zango da maki 25, saboda haka 'yan Roni suka tara kaso mai tsoka na makinsu ba tare da ƙwallon ta bar hannun mai sabis ɗinsu da nisa ba. A ra'ayin marubucin, wannan sakamako bai nuna gazawar tsarin ba, ya dai nuna illar ɓacewar agogon bango daga ɗakunan samari.

Babbar matsalar da nazarin ya gano ba ta bayyana ba sai a Gwiwa. Masana wasan sun yi ittifaki cewa taron sabis shi ne ginshiƙin komai, domin idan taɓawar farko ta lalace seta zai bi ƙwallo da gudu, idan kuwa seta na gudu mai duka ba zai samu abin duka ba. Yadda ake yin sa sananne ne: a haɗa tafukan hannu, a miƙe gwiwar hannu ta yadda damatsa biyu za su zama faifai guda, a durƙusa kaɗan, a fuskantar da faifan wajen seta, kada a wurga hannu sama. Duk wannan 'yan ƙungiyar sun iya daidai gwargwado. Abin da ba su iya ba shi ne ƙwallon da ta faɗo a rata, wato tazarar da ke tsakanin masu taro biyu, inda kowannensu zai iya kaiwa gare ta. Maganin rata a ko'ina cikin duniya ɗaya ne, wato wanda zai ɗauka ya ɗaga murya ya ce tasa ce tun ƙwallon ba ta ƙetaro raga ba, ɗayan kuma ya kauce ya buɗe masa hanya.

A nan ne ilimin da aka samo daga waya ya ci karo da tarbiyyar gida. Kara, kamar yadda kowane Bahaushe ya sani, ita ce mutum ya haƙura da abin da yake da haƙƙi a kai domin ganin girman wani, kunya kuma ita ce ke hana ƙarami ɗaga murya a gaban babba, kuma babu kunyar da ta kai ta suruki. Tsarin da kocin ya zana ya ajiye dogon saurayin nan a gefen Kawu a layin baya, alhali duk unguwa ta san cewa saurayin yana zuwa zance gidan Kawu, an ma kai gaisuwar iyaye, koci kaɗai ne labarin bai kai wa ba saboda yana kallon wasan Burazil da Italiya. Da sabis ya taho tsakaninsu, sai saurayin ya sunkuyar da kai ya ja da baya ya ce, "Bismillah, Baba." Kawu kuma, wanda shi ma mutum ne mai kara, ya ce, "A'a, ɗauka, yaro." Ƙwallon ta sauka a tsakaninsu ta tayar da ƙura, suka tsaya suna kallonta kamar baƙi biyu da loma ɗaya ta rage musu a akushi.

'Yan Gwiwa ba su karanta wani littafin dabaru ba, amma kafin a kai rabin zango sun gane inda arziki yake, kowane mai sabis ya zo sai ya auna tsakanin surukan nan biyu. Kocin ya nemi hutun daƙiƙa 30 da doka ta tanada, ya umarci saurayin da ya riƙa yin ihu. Saurayin ya dubi ƙasa ya ce, "Koci, a gaban Baba?" Da aka matsa masa, sai ya samo sulhu, wato ya riƙa yin gyaran murya, wanda Kawu ya fassara a matsayin sallama, ya riƙa juyowa yana amsawa. Wajibi ne a faɗi gaskiya cewa a fagen tarbiyya ƙungiyar Kazaure ta yi fice a ranar, har wani dattijo daga cikin 'yan kallo ya sa wa saurayin albarka bayan an tashi. A fagen maki kuwa an ci su zango uku a jere.

Domin warware wannan, kocin ya koma ga gurbin libero, wanda hukumar duniya ta shigo da shi a 1998. Libero ɗan wasa ne na tsaron baya kawai, yana sa riga mai launi dabam da ta 'yan'uwansa, yana shiga yana fita ba tare da an lissafa shi cikin canji ba, amma ba ya sabis a dokar hukumar, ba ya tare duka a raga, ba ya kuma dukan ƙwallon da ta fi raga tsayi. Dabarar kocin ita ce a naɗa Kawu libero, a sauya jeri, ta yadda rabin lokaci zai kasance a waje cikin mutunci. Kawu ya karɓi jar rigar da farin ciki, ya ɗauke ta a matsayin sarauta, ya ba tela ya yi mata aiki a wuya. Ba a yi masa cikakken bayanin sauran sharuɗɗan ba, domin kocin ya ga cewa ilimi a hankali ake ba da shi.

Wasan Babura ya faɗo a tsakiyar hunturu, lokacin da iska ke kaɗowa daga arewa maso gabas da hazo, garin kuwa ba shi da nisa da iyakar Jamhuriyar Nijar, ƙasarsa kuma rairayi ce. Ƙwallon raga ba ta wuce giram 260 zuwa 280 ba, don haka sabis mai lilo, wato wanda ake bugawa da tsakiyar tafi ba tare da ƙwallon ta juya ba domin ta riƙa karkata a iska, ya zama abin da mai bugawa da mai taro duka ba su san inda zai sauka ba. Kocin ya kuma shigo da ishara da yatsu, wadda seta ke yi a bayansa domin sanar da masu duka irin ɗagawar da zai yi, dabarar da ke aiki sosai a rufaffen ɗakin wasa, amma a Babura yara masu tallar gyaɗa ne suka jeru a bayan filin, duk isharar da tela ya yi sai su haɗa baki su ce, "Biyu! Biyu ya nuna!" Kawu kuma, da zagaye ya kawo shi layin gaba aka ce ya fita, sai ya tambayi alƙalin wasa ko ya san wanda ya sayi ƙwallon da ake bugawa.

A hutun da ke tsakanin zango na farko da na biyu ne kocin ya yanke shawarar nuna misali da jikinsa. Ya ba su labarin Hirobumi Daimatsu, kocin da ya kai matan Japan ga lambar zinare a 1964, wanda ya shahara da taro da mirgine, wato ɗan wasa ya kwaso ƙwallon da ta kusa taɓa ƙasa, ya mirgina ta kafaɗa, ya miƙe tsaye nan take. Sanye da kaftani sabon guga, kocin ya ja da baya zuwa gefen filin inda ba a share ba, ya sa aka jefo ƙwallo, ya yi tsalle. Kashi na farko da na biyu na dabarar sun tafi daidai. Kashi na uku ne ya gagara, domin gefen filin ƙarangiya ce ta bushe ta kwanta, ita kuwa ƙarangiya ciyawa ce mai 'ya'ya masu ƙaya da ke maƙale wa tufafi da fata, wadda ba ta cikin matsalolin da Daimatsu ya fuskanta a kan katakon Japan. An ruwaito cewa muryar da kocin ya ɗaga a lokacin ita ce ainihin wadda ya shafe makonni yana neman a ɗaga.

Kawu, a matsayinsa na babba, ya ga bai dace a bar malami a hannun yara ba, sai ya bar filin ya zauna a kan tabarma yana jagorantar aikin cire ƙaya, yana cewa, "Sannu, Malam, juyo ta nan." Da saurayin ya waiga bai ga surukinsa ba, sai ya zama wani mutum dabam. Ya yi ihu a kan kowace ƙwallo har da waɗanda ba nasa ba, ya kwashi sabis ya miƙa wa tela a goshi, tela ya watsar da ishara ya riƙa ɗagawa sama a gefen hagu, ɗan acaɓa kuma ya riƙa duka. Babu wanda ya tuna da biyar da ɗaya, duk wanda ya zo tsakiyar gaba shi ne mai ɗagawa idan tela na baya. Suka ci zangon, wanda shi ne na farko da ƙungiyar ta taɓa ci a wajen Kazaure. Daga nan aka gama cire ƙaya, Kawu ya gyara jar rigarsa ya koma fili, aka ci su sauran.

Marubucin yana da yaƙinin cewa zangon da aka ci sakamakon dabararsa ne, tunda mirginawarsa ce ta fitar da Kawu daga fili ba tare da an ɓata wa kowa rai ba, sai dai ba dabara ce da jiki zai jure a kowane wasa ba. Hukuncin da nazarin ya kai gare shi shi ne, kafin a koya wa 'yan tsaka-tsaki wani tsari mai lamba, a fara da taron sabis, a raba kowace rata tun a wajen atisaye a ce ta wane ce, domin kada a bar wa kara hukunci, kuma koci ya binciki wanda ke zuwa zance gidan wa kafin ya rubuta jeri. An sa ranar auren bayan ƙaramar salla, abin da ke nufin kunyar za ta ƙaru. Saboda haka duk mai karatun da ke da raga da ƙwallo, yana zaune a Kazaure ko kewaye, kuma ba shi da 'ya budurwa, ƙungiyar na nemansa da gaggawa.