Uwargida, Ga Yadda Ake Raɗa wa Soye-soye Suna

Uwargida, kin iya kwaɓi, kin san lokacin da mai ya yi zafi tun kafin ki jefa ɗan gwaji, cincin ɗinki ba ya shan mai, dublan ɗinki ba ya karyewa a hannu. Madalla. Saura abu guda, kuma shi ne mafi yawan masu suya a yanzu suke yi wa riƙon sakainar kashi: suna. Jariri ma sai an tara mutane ran bakwai an raɗa masa suna kafin a shiga kiran sa, to don me za ki ɓata yini a gaban kasko ki fito da sabon abu, sannan ki zuba shi a roba ki liƙa masa sunan Turanci irin wanda masu sayarwa ɗari suka riga ki liƙawa? Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin masu suya a duniya, daga Sin har Birazil, sun daɗe da gane cewa abin da aka ci da dariya ba a mantawa da shi.

Ki fara da ido. Idan abin ya fito daga mai, ki ɗaga shi a matsami ki dube shi tsakani da Allah, ki faɗi abin da ya yi kama da shi, kada ki yi masa kwalliya. A kudancin Birazil akwai wani soye da ake murza ƙullunsa ya yi faɗi, a yanka shi tsaye-tsaye, a tsaga tsakiyar kowane yanki da wuƙa, sannan a kama baki ɗaya a zura ta cikin tsagar a jawo shi ta baya. Da ya sha mai ya kumbura, a barbaɗa masa sukari da kirfa. Matan can suka dube shi suka ce cueca virada, wato ɗan kamfai da aka juya bai-bai. Mutanen Chile suna yin kusan irinsa a lokacin sanyi, su kuma suka ce calzones rotos, yagaggen ɗan kamfai. Babu wanda ya fasa ci. A yankin Tuskani na Italiya sunansa cenci, tsummokara. A Polan ana ce masa chrust, ƙirare, don ya bushe ƙayau kuma yana karyewa ƙas. Mutanen Afganistan suna soya nasu da faɗi, su zuba masa garin sukari da fistashiyo, su ce gosh-e fil, kunnen giwa. Su kuwa mutanen Holan ba su wahalar da kansu ba ko kaɗan: abin da suke soyawa a daren shiga sabuwar shekara, wani lokaci da busasshen inabi a ciki, sunansa oliebollen, dunƙulen mai. Gaskiya ɗaya ce, kuma ta sayar.

Idan ido bai ba ki komai ba, ki kasa kunne. Wancan cenci na Italiya, siririn soyen da ake yi a bikin da ke zuwa kafin azumin Kirista, kusan kowane gari da sunan da yake kiran sa. A Milan da Nafoli chiacchiere ne, wato hira ko tsegumi, kuma duk wanda ya zauna kusa da mata biyar suna tauna shi a lokaci guda zai yarda sunan ya dace. A Turin da Jenowa kuma bugie ne, ƙarairayi. Ki ɗauka da girmansa, ki sa a baki, ki ji babu komai sai iska da sukari.

Faransawa ne suka kai wannan fanni maƙura, kuma ya kamata ki san yadda ake yin nasu don ki ga inda sunan ya fito. Ana tafasa ruwa ko madara da man shanu da ɗan gishiri, a juye fulawa a ciki gaba ɗaya, a tuƙa da muciya har ƙullun ya bar jikin tukunya. A sauke ya ɗan huce, sannan a fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya ana bugawa har ya yi sheƙi. Sai a riƙa ɗiba da ƙaramin cokali ana sakewa a mai mai matsakaicin zafi. Ruwan da ke cikin ƙullun ya zama tururi, ɗan dunƙulen ya kumbura ya ninka kansa, har ya mirgina da kansa a cikin man ba tare da kin taɓa shi ba. Ki ɓare shi, cikinsa fayau. Sunansa pets de nonne, tusar sista, wato matan nan masu zaman ibada a coci. Akwai labarin da ake bayarwa na wata sista da iska ta kuɓuce mata a madafa, 'yan'uwanta suka fashe da dariya, ta ruɗe har cokalin ƙullu ya suɓuce mata cikin mai. Tatsuniya ce, amma ta bi soyen har kudancin Jamus, inda ake kiran sa Nonnenfürzle da ma'ana iri ɗaya. Abin da nake so ki ɗauka a nan shi ne dabarar da masu kunya a cikin Faransawa suka yi: sun ba shi suna na biyu, soupirs de nonne, ajiyar zuciyar sista. Ke ma ki tanadi biyu. Ɗaya na tsakar gida, idan ku ya ku ne. Ɗaya kuma na ranar da surukarki ta zo ta ɗauki guda ta ce, "'Yar nan, me ake ce wa wannan?"

Wata hanyar ita ce aro daga manyan gari, kuma a nan Larabawa da Turkawa ne malamai. Ƙananan dunƙulen nan da ake tsomawa a ruwan sukari ko zuma, waɗanda alhazanmu suka sani a Makka da Madina musamman da azumi, sunansu na asali luƙmatul ƙadi, lomar alƙali. Sunan ba na jiya ba ne. Yana cikin littafin girke-girke da Muhammad bin Hasan al-Bagdadi ya rubuta a Bagadaza a shekarar 1226, kuma daga kalmar luƙma ne Turkawa suka samo lokma, Girkawa suka samo loukoumades. Shekara ɗari takwas ke nan alƙali yana loma. Mutanen Tunisiya ba su tsaya a bakinsa ba, suka nannaɗe siririn ƙullu a jikin cokali mai yatsu a cikin mai, suka tsoma a zuma, suka ce kunnuwan alƙali. A Turkiyya kuma akwai vezir parmağı, yatsan waziri. Mu da muke da Waziri da Galadima da Madaki da Ciroma da Sarkin Fawa, ai ba a rasa nono a ruga. Sharaɗin kawai shi ne sunan ya zama yabo. Lomar alƙali tana nufin abin ya kai a ajiye shi a gaban mai daraja. Idan kika soya abu mai zagaye da tudu kika ce rawanin Galadima, kin girmama rawani kin girmama soyenki. Idan kika ce tumbin Galadima, ki shirya amsa kira a ƙofar fada.

Waɗannan ƙasashe sun kuma shiga jikin mace da sunaye. Turkawa suna da hanım göbeği, cibiyar uwargida, mai ɗan rami a tsakiya, da dilber dudağı, leɓen kyakkyawa. A Labanan da Iraƙi akwai znoud el-sit, damatsan uwargida, wanda ake cusa wa kirim a nannaɗe a soya. A Masar da Sham akwai asabi Zainab, yatsun Zainabu. A ganina na ƙarshen nan kaɗai ne zai shiga garinmu lafiya lau. Sauran kuwa ki yi musu gwajin ɗan aike. Ki kira yaro ɗan shekara bakwai, ki sa a ranki mahaifinsa yana zaune a dakali da abokansa ya miƙa masa kuɗi ya ce je ka sayo mana kaza. Idan uban zai iya furta sunan a gaban mutane, kuma yaron zai iya tsayawa a zaure ya ɗaga murya ya ce an aiko shi sayen abin, sunan ya ci jarrabawa. Idan uban sai ya rage murya, ki mayar da sunan tsakar gida.

'Yan'uwanmu na Gana ba su damu da wannan gwaji ba. Fanken da ake kira bofrot a can, mutanen Ga na Akra suna ce masa togbei, marainan bunsuru, kuma haka ake kiran sa a bakin titi da safe ba wanda ya ɗaga gira. A zangunan ƙasar kuwa, kamar Nima, za ki iske ƙosai da pinkaso, ɗan'uwan funkasonmu, a gefen tukunyar koko, sun yi tafiya mai nisa da sunayensu na gida.

Yanzu ga inda nake so ki nutsu, domin akwai masu raɗa suna da fushi. A ƙasar Sin, a zamanin daular Song, an kashe wani janar da jama'a ke ƙauna mai suna Yue Fei a shekarar 1142, kuma mutane suka ɗora alhakin a kan babban wazirin sarki, Qin Hui, da matarsa. Ana ba da labari cewa wani mai suya ya ja ƙullu biyu dogaye, ya manne su, ɗaya miji ɗaya mata, ya jefa a tafasasshen mai. Har gobe haka ake soya youtiao, sanda biyu a manne, ana karin kumallo da shi da kunun shinkafa ko madarar waken suya, kuma masu harshen Kantoni suna kiran sa da sunan da ke nufin soyayyen shaiɗan. A birnin Hangzhou, gaban kabarin janar ɗin, akwai gumakan ƙarfe na wazirin da matarsa a durƙushe. A Ajantina ma an yi makamancin haka. Masu gasa burodi a Buenos Aires sun kafa ƙungiya a 1887, da hannun 'yan gwagwarmayar Italiya irin su Errico Malatesta, kuma su ake danganta wa sunayen da suka yi wa hukuma ba'a da su: wani kayan shayi ya zama vigilante, ɗan sanda mai gadi, wani ya zama ƙaramar igwa, wani bom. Soyayyen dunƙulen da ake cusa wa madara mai zaƙi kuma aka jingina shi ga wani sashe na jikin limamin coci da ba zan rubuta a nan ba.

Na san abin da ya zo miki a rai, kuma ina roƙon ki ki bari. Kada ki sa wa soyenki sunan kishiya. Ki yi lissafi: idan abin ya yi daɗi, unguwa gaba ɗaya za ta wayi gari tana ambaton ta da murmushi, yara suna kuka sai an sayo musu ita, maigida yana cewa a ƙaro masa. Idan kuma bai yi daɗi ba, hannunki za a zarga. Ta kowace fuska ke ce da asara. Addinin mutane ma ki bar shi inda yake, abin da ya wuce a Ajantina ba lallai ya wuce a Sabon Gari ba.

Suna yana iya zama gargaɗi kuma. Mutanen Norway suna soya wani abu da Kirsimeti mai suna fattigmann, wato talaka, alhali gwaiduwar ƙwai da kirim da kayan ƙamshi ake zuba masa ba ƙaƙƙautawa. Bayanin da suka fi bayarwa shi ne duk wanda ya sayi kayan haɗinsa ya talauce. Duk macen da ta shiga kasuwa kwanan nan sayen fulawa da sukari da man gyaɗa don garar 'yarta ba ta bukatar a yi mata tafsiri. A jihohin kudu na ƙasar Amurka kuma akwai soyayyen garin masara, hushpuppy, yi shiru kwikwiyo, wai shi ake jefa wa karnuka don su bar haushi a wurin suyar kifi.

Kada ki ɗauka mu ba mu iya ba. Wadda ta fara kiran wainar fulawa 'yar lallaɓa ta taɓa tsayawa a kan kasko tana ƙoƙarin juya ta ba tare da ta yage ba. Wanda ya dubi alewar nan mai tsawo da murɗiya ya ce hanjin ligidi, ya cancanci a jinjina masa a ko'ina a duniya. Saboda haka tsofaffin kayanmu ki bar su da sunayensu. Alkaki alkaki ne, mai jiƙaƙƙiyar alkama da tsami da zuma, wanda ake jerawa a fanteka a kai gidan ango. Dublan dublan ne, nakiya nakiya ce. Ba su bukatar sabon suna, kuma abin takaici ne a ga an lulluɓe su da na aro don a shiga intanet. Sabon da kika ƙirƙiro da hannunki, shi ne ke jiran raɗi.

Hanya mafi inganci kuwa ba ke za ki raɗa ba. Ki soya faranti guda ki kai gidan biki, ki ajiye shi a ɗakin da tsofaffi suke, can inda gwaggo da inna da kakar amarya suka miƙe ƙafa suna ɓare goro. Kada ki ce komai, ki koma bakin ƙofa ki tsaya. Wata za ta ɗauka ta juya shi, ta kai kusa da ido, ta ce, "Ke, wannan mene ne haka kamar..." Abin da ya biyo bayan kamar ɗin nan, idan ɗakin ya kwashe da shewa, ki riƙe shi da kyau. Washegari ki sa 'yar talla ta gwada kiran sa a lungu, ki saurara daga cikin gida ki ji ko yana jan murya. Idan kalmar ta yi tsawo har numfashin yarinyar ya yanke kafin ta kai ƙarshe, ki datse mata wutsiya ki sake tura ta da yamma.