Nasiha ga Fataken Sama Game da Zaɓen Katin Bashi Mai Tukuici

Tun daga shekarar 1950, da aka fito da katin Diners Club a Amurka domin mutum ya ci abinci yau ya biya a ƙarshen wata, har zuwa 1981, da kamfanin American Airlines ya soma rubuta wa fasinjojinsa maki gwargwadon nisan tafiyarsu, ma'abota hikimar ciniki ba su gushe ba suna neman dabarar riƙe matafiyi, har suka haɗa al'amuran biyu a kati guda, wanda banki ke ba ka domin ka ci bashi, sa'an nan ya yi maka tukuici a kan cin bashin. To, da yake fataken zamaninmu sun sauka daga raƙuma sun koma hawa jirgi tsakanin Kano da Dubai da Alƙahira da Istanbul, kuma waɗanda ke da ajiya a bankunan waje ana yi musu tallan katunan nan dare da rana, ya wajaba a shimfiɗa musu sharuɗɗan zaɓe.

Sharaɗi na farko, ya ɗan'uwa matafiyi, ka san hanyarka kafin ka san katinka. Manyan kamfanonin jirage sun kasu ƙabila uku. Star Alliance, wadda aka kafa a 1997, ta ƙunshi Ethiopian Airlines da EgyptAir da Turkish Airlines; Oneworld tana da Qatar Airways da British Airways; SkyTeam kuwa tana da Air France da KLM da Saudia. Emirates ta zauna ita kaɗai, ba ta shiga ko ɗaya ba. Maki yana gudana ne a cikin ƙabilarsa, saboda haka Alhajin da kullum ta Addis Ababa yake bi zuwa ƙasar Sin, amma ya karɓi katin da ke tara makin Air France don kawai launinsa ya burge shi, zai wayi gari da dukiya mai yawa a garin da ba ya zuwa.

Sharaɗi na biyu, ka yi hisabin kuɗin shekara da alƙalami, a lokacin da kake zaune cikin hankalinka, tun mai tallan banki bai soma yi maka kirari ba. Idan katin yana cin dala 500 a shekara, tukuicinsa kuwa biyu cikin ɗari ne, to sai ka kashe dala 25,000 kafin ka mayar da uwar kuɗinka, balle a yi zancen riba. Gaskiya ne katin mai tsada yana buɗe maka ƙofar zauren manyan baƙi a filin jirgi, inda akwai kujera mai taushi da shayi da wurin cajin waya, kuma wanda ya taɓa kwana a kan benci yana jiran jirgin asuba ya san wannan ni'ima ce. Sai dai mai tafiya sau biyu a shekara, in ya raba dala 500 a kan kofin shayi huɗu, zai tarar ya sha shayin da ko sarakuna ba su sha irinsa ba.

Sharaɗi na uku, ka tambayi abin da katin ke yanka idan aka yi ciniki da kuɗin wata ƙasa, domin da yawa suna cire kusan uku cikin ɗari, wanda shi kaɗai ya isa ya haɗiye tukuicin duka har ya nemi ƙari. Haka nan idan na'urar mai kanti ta tambaye ka, cikin ladabi, ko kana son a lissafa maka da kuɗin ƙasarka, ka gode mata ka zaɓi kuɗin garin da kake tsaye, don canjinta ya fi na bankinka tsada a galibin lokuta. Ka kuma lura Visa da Mastercard sun fi American Express karɓuwa a ƙananan shaguna, kasuwannin Sin kuwa sun fi sabawa da biya ta waya; kada ka tsaya gaban mai haja kana nuna masa katin zinariya alhali shi ba ya da inda zai zura shi.

Sharaɗi na huɗu, kada ka ɗauki maki dukiyar gado. Kamfani ne ya ƙirƙire shi, shi ke yanke masa daraja, yana iya rage ta ba tare da ya shawarce ka ba, wasu kuma suna sa masa wa'adi. Ka kashe shi da wuri a kan tikiti ko ɗakin kwana. In kuwa maigidanka ko ma'aikatarku ke biyan kuɗin tafiyar, ka tambaya tun farko ko makin naka ne, domin amana ba ta da ƙarama.

Sharaɗi na biyar shi ne ginshiƙin sauran. Tukuicin nan kamar gyaran da mai awo ke ƙara maka ne a bakin mudu, kuma ba mai hankalin da zai sayi buhun da ba ya bukata don kwaɗayin gyara. Banki na ba ka ɗaya ko biyu cikin ɗari, amma in ka bar bashin ya tsallake wa'adi, ruwan da zai ɗora maka a Amurka yakan haura ashirin cikin ɗari a shekara. Ga Musulmi kuwa lamarin ya wuce asarar dukiya, domin Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke Jidda ta yanke a shekarar 2000 cewa bai halatta ba a yi mu'amala da katin da aka gindaya sharaɗin ruwa a cikinsa, ko da mutum ya ƙudurta biya kafin wa'adi. Don haka bankunan Musulunci, musamman a ƙasashen Larabawa da Malesiya, suka fito da katunan da ake biyan ujira tsayayya a kansu maimakon ruwa, wasunsu ma da makin jirgi. Ka nemi irin waɗannan, ka kai takardar sharuɗɗan wurin malamin da ya san mu'amalat ya duba maka, har da ƙananan rubutun da ke ƙasa, waɗanda ake bukatar tabarau kafin a gan su.

Wanda ya cika sharuɗɗan nan biyar, ya riƙe kati ɗaya ko biyu waɗanda suka dace da hanyarsa, ya biya abin da ke kansa cif a kowane wata, to shi ya ci ribar banki. Wanda kuwa ya ga ba zai iya ba, ya riƙe katin cire kuɗinsa na yau da kullum, ya zauna tare da jama'a ya jira jirginsa, zai sauka a sa'a guda da na cikin zauren manyan baƙi, kuma ba mai binsa ko anini. Allah ya kai mu lafiya, ya sa albarka a fatauci.