Furfura a Fagen Gem: Ire-iren Tsofaffin Hannu a Kwandiko

Yaran da suka fara riƙe fad ɗin gem a ƙarshen shekarun 1990 yanzu magidanta ne. A Kwandiko da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Gwaram, irin su Sara da Kila da Fagam da Basirka, su ne malaman firamare da masu shaguna da dillalan riɗi da direbobin haya. Da yawansu ba a gida suka fara ganin gem ba. Wani a Birnin Kudu ya gani yana ɗan makarantar kwana, wani kuma a Kano da ya je ci-rani. A zamaninsu gem talabijin ɗaya ce da fad biyu da benci da janareta. Wanda aka ci shi ke biya, ya kuma tashi ya ba na layi wuri.

Yau gem ya koma cikin waya, abokin karawa kuma ya ɓace daga gani. Free Fire, da ya fito a 2017, yana zuba mutum hamsin a tsibiri guda, kuma ko ƙaramar Tecno ko Itel tana ɗaukarsa. PUBG Mobile na 2018 mutum ɗari yake zubawa. Wanda ya harbe ka yana iya zama a Alƙahira ko Jakarta, yana iya kuma zama yaron maƙwabta da ke bayan katanga. Tsofaffin hannu ba su ajiye wasa ba, sai dai kowa da irin karɓar da ya yi wa sabon yayi.

Tsohon Zakara

Shi a wurinsa gem ya ƙare tun 2006, shekarar da Konami ta fitar da Pro Evolution Soccer 6, wanda aka ba Adriano na Inter Milan maki 99 a ƙarfin bugu. Duk abin da ya biyo baya wasan yara ne. In ka taɓo shi da hira sai ya koma baya can zamanin Winning Eleven, lokacin da ake ɗauko Roberto Carlos daga baya a kai shi gaba, ana kuma rigima a kan wanda zai ɗauki Najeriya saboda Tijjani Babangida, ɗan Kadunan nan na Ajax, wanda in ya ja ƙwallo ta gefe babu mai kamo shi.

An sauke masa eFootball, sunan da wasan ya koma a 2021, ya buga, ya ma ci wani da ƙwallo uku. Bai yi murna ba. "To yanzu wa na ci? Ɗan gidan waye? Gobe a teburin mai shayi wa zan yi wa dariya?" A ganinsa cin da babu shaidu ba ci ba ne. Daɗin wasan dā shi ne ka ga gumi a goshin abokin karawarka, 'yan kallo ashirin su sa masa ihu, ya yi mako yana sauya hanya in ya hango ka. Matasa na ce masa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Shi kuwa bai musa ba, ya ce lallai bai ji ba.

Mai Ɗora wa Netwok Laifi

Wannan tun da ya shiga intanet ba a taɓa cin sa ba, netwok ne kullum ke cin amanarsa. A yi masa adalci, rabin maganarsa gaskiya ce. Duk taɓawar da ya yi wa waya sai saƙon ya je wata kwamfuta a ƙasa mai nisa ya dawo, kuma ɗan jinkirin da bai kai ƙiftawar ido ba ya isa a harbe mutum kafin ya ga mai harbin. Wanda ke ƙauye da sandar sabis biyu ba ɗaya yake da mai zaune a tsakiyar Dubai ba.

Ɗaya rabin ne abin dubawa. Yana da layi biyu, ya san kusurwar zauren da sabis ya fi sauka, ya san tudun da ake hawa a bayan gari in hadari ya haɗo. Duk da haka ana cin sa. Tsofaffin abokansa sun tuna cewa a gidan gem ma haka yake: fad ɗinsa ne ya saki, ko janareta ne ya yi tari daidai lokacin da zai buga. Ranar da ya yi nasara kuwa ba a jin sunan netwok a bakinsa, iyawa ce kawai.

Mai Lissafi

Ɗan kasuwa ne, a kasuwar Sara ya koyi ƙirga, kuma komai da mudun gero yake auna shi. Aka ce masa wasan kyauta ne, ya yi murmushin wanda ya san duniya. Data fa? Caji fa? Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, hujjarsa ta ƙara ƙarfi.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne sayen kaya a cikin wasa. Masu PUBG suna sayen UC, masu Free Fire suna sayen lu'ulu'u, duk da kuɗin gaske, don a yi wa ɗan mutum-mutumin waya sabuwar riga ko a yi wa bindigarsa fenti. "Rigar nan za ka je Idi da ita? Za ta tare maka sanyin hunturu?" Sai ya lissafa wa yaro mudu nawa ya zubar. Abin da ba ya lissafawa shi ne canjin cefane nawa shi ya kai gidan gem yana yaro, da dukan da ya sha a kai. In dare ya yi za ka ji muryarsa ta yi laushi: "Kai ɗan Yaya, ɗan buɗe min hosfot ɗinka na minti biyar."

Mai Neman a Dakata

A cikinsu duka shi ne mai kukan da ya fi kama hankali. A dā in an kira salla sai a danna maɓalli wasa ya tsaya cak, a je a dawo a ɗora. Wasan intanet ba ya tsayawa don kowa, domin sauran mutum casa'in da tara ba su san Magariba ta yi a Jigawa ba. Zagaye ɗaya na Free Fire yakan ci kamar minti goma, na PUBG kuwa ya kusa rabin awa, magidanci kuma bai mallaki rabin awarsa ba. Ga mai sayen sukari a bakin shago, ga uwargida ta aiko a ce itace ya ƙare, ga ladan ya ɗaga murya.

Don haka yakan bar mutuminsa a tsaye a tsakiyar fili da bindiga a kafaɗa, ya ɗauki buta. In ya dawo ya tarar an kashe shi an kwashe kayansa, sai ya ce Allah ya jiƙan rai. Abokan tawagarsa su uku ne ke shan wahala, shi ya sa ba sa gayyatarsa sai bayan Isha'i. A lokacin ma gyangyaɗi ke karɓar wasan.

Mai Sallama a Makirfo

Tarbiyya ce ta hana shi ci gaba. Da an haɗa shi da baƙi sai ya buɗe makirfo: "Salamu alaikum. Da wa nake magana? Ya gida, ya iyali?" Kafin ya kai ga tambayar ruwan sama an fara ruwan harsashi. Sai wata siririyar murya, wadda mai ita bai wuce shekara goma sha biyu ba, ta daka masa tsawa: "Baba, ka ɗauki bindiga mana! Kai wane irin mutum ne?"

Nan ake yin ta. A Kwandiko yaron da ya yi wa babba haka kafin dare maganar ta isa gidansu. Sai ya ce zai haɗa shi da ubansa, alhali yaron yana Legas ko Karachi, sunansa kuma wasu haruffa ne da zanen ƙoƙon kai. Ranar farin cikinsa ita ce ranar da aka haɗa shi da Bahaushen Maraɗi ko na zangon Kumasi. Sai su ɓuya a ɗaki guda a cikin wasan su ɓarke da hira: nawa buhun wake a can, damina ta yi kyau kuwa? Har a zo a jefa musu gurneti ba su gama gaisawa ba.

Mai Kwanton Ɓauna

Manomi ne, ya yi shekaru yana gadin shinkafa a fadama, zama wuri ɗaya ba ya gundurarsa. Yatsunsa ba su da saurin na yara, ya kuma san haka. Yana dira daga jirgi zai nemi inda babu kowa, ya kwanta cikin ciyawa, ya bar masu zafin jini su ƙarar da junansu. In da'irar wasan ta matso sai ya ja ciki kaɗan ya sake lafewa, kamar kadangare a kan dutsen Habude da hantsi.

Matasa na kiransa matsoraci. Shi kuwa sau da yawa yana cikin goman ƙarshe bai harba harsashi ko ɗaya ba. Ranar da ya wayi gari shi kaɗai ya rage, yara suka yi ta ihu wai Kawu ya ci kaza, wato kirarin da wasan ke yi wa wanda ya yi nasara. Ya tambaya ina za a je a karɓo ta. Da aka ce masa a rubuce kawai take, ya ce wannan ma ai zalunci ne.

Mai Faɗa da Rana, Bugu da Dare

Mutum ne mai mutunci a gari, kuma yana da karatu. Ya san cewa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar gem cikin jerin cututtuka. Ya san malaman lardin Aceh na Indonesiya sun haramta PUBG a watan Yunin shekarar, Indiya kuma ta toshe shi a Satumban 2020. Duk ya haddace, yana karanta wa matasa a majalisa, yana ƙwace wayar ɗansa in jarrabawa ta matso. Maganarsa kuwa akwai gaskiya a ciki.

Amma da ƙarfe goma sha ɗaya na dare akwai wani mai sunan aro da hoton zaki da ke addabar mutane a Ludo King, wasan da wani kamfanin Indiya ya fitar a 2016. Asiri ya tonu ne ranar da ya manta bai rage murya ba, ƙarar ɗan ludo ta fito daga aljihunsa ana tsakiyar taron iyaye da malamai. Ya ce bincike yake yi, yana son ya ga abin da ke lalata yaran. Tabarmar kunya dai da hauka akan naɗe ta.

Uwargida Mai Ludo

Ita ba ta taɓa shiga gidan gem ba, domin a zamaninta ba wurin 'yan mata ba ne. Ludon kwali ta buga a tsakar gida. Amma ita ce ta warware abin da ya gagari mazan. Ba ta wasa da baƙo. Takan buɗe ɗakin wasa na sirri, ta tura lambarsa ta WhatsApp ga ƙanwarta da ke aure a Dutse da aminiyarta da ke Azare, su yi zagaye biyu bayan an kwashe tuwo. Wadda aka ci za ta sha tsiya a saƙon murya har washegari, dangi duk su ji. Ga intanet, ga shaidu, kuma babu ɗan wani da zai zage ta.

Dattijon Dara

Shi ne ƙarshen layi, kuma duk waɗancan yara ne a idonsa. Gurbi talatin a ƙasa, 'ya'ya goma sha biyu kowane ɓangare, ka jera uku ka ci ɗaya. Ba caji, ba data, ba a ɗauke wuta. Yakan tuna wa Tsohon Zakara cewa surutun da yake yi wa masu waya, shi aka yi masa lokacin da ya bar dara ya bi talabijin. Wani jikansa ya ce zai nemo masa dara ta waya. Ya ce a bari, darar da ba za a iya ɓoye ɗa ɗaya a ƙarƙashin tafin ƙafa ba, ina daɗinta?

In aka tattara kukansu, bai wuce uku ba: abokin karawar da ba a gani, wasan da ba ya jiran salla, da bakin yaran da babu linzami. Na farko uwargida ta nuna maganinsa. Sauran biyun suna hannun matasan Kwandiko da Gwaram da Birnin Kudu. Duk wanda ke da kawu ko yaya a cikin jerin nan, ya sa wasa bayan Isha'i, ya ba shi gurbi a tawaga, ya kuma amsa masa sallama kafin a fara harbi. In ana son nasara a ɗauki Mai Kwanton Ɓauna. Mai Ɗora wa Netwok Laifi kuwa a tabbatar an sama masa sabis mai kyau a gaban shaidu, a ga abin da zai ce.